Ɗabaƙoƙin Mahaya, Kamar Yadda Na Gan Su Daga Gindin Turke

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam dabbar da ta fi shi ƙarfi, ta fi shi sauri, wani lokaci ma ta fi shi hankali, da salati ga fiyayyen halitta, ya kamata in sanar da mai karatu tun da fari cewa ni ba malami ba ne, ban kuwa gaji sarauta ba. Iyakar abin da zan yi tinƙaho da shi shi ne, tun ranar da nake ɗan shekara 7, mahaifina ya sunkuce ni ya aza bisa gadon bayan wata tsohuwar goɗiya a ƙofar gidanmu da ke Nasarawa cikin Birnin Kebbi, ya ce in kama geza in bar kuka, har zuwa yau da gwiwa ta ƙi, likkafa ta yi mini nisa, ban taɓa zama a gidan da ba a jin haniniya da asuba ba. Mahaifin nan nawa yana cikin mahayan wani hakimi ne a zamanin Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya riƙe sarauta daga 1954 har 1995, saboda haka na buɗe ido na tarar da barga ita ce zauren gidanmu, ita ce makarantarmu ta biyu bayan ta allo.

To, da yake malaman tarihi sun saba tsara mutane ɗabaƙa-ɗabaƙa, na masu ilmi daban, na masu mulki daban, sai na ga babu laifi ni ma in tsara waɗanda na sani gwargwadon abin da doki ya nuna mini game da su. Dalilina kuwa shi ne, mutum yana iya ɓoye halinsa ga matarsa, ya ɓoye ga limamin unguwarsu, har ya ɓoye ga alƙali, amma da zarar ya sa ƙafa a likkafa asirinsa ya tonu, domin doki bai san rawani ba, bai san alkyabba ba, hannu kaɗai ya sani.

Ɗabaƙa ta farko, wadda ta fi kowace yawan jama'a, ita ce ta mahayan baki. Waɗannan bayin Allah ba su da turke, ba su da ko ragama, amma babu dokin da zai gifta ta bakin majalisarsu face sun yanke masa hukunci tun daga haƙori har kofato. Akwai ɗayansu a unguwarmu, dattijo mai furfura da kwarjini, wanda ya shekara 30 yana ba mu labarin wani akawali da ya ce ya taɓa mallaka, wanda a farkon ruwayar yakan tashi daga Birnin Kebbi bayan sallar asuba ya isa Argungu da hantsi. Da tafiya ta yi tafiya sai ya riƙa isa kafin rana ta fito. A ruwaya ta ƙarshe da na ji daga bakinsa kuwa, har ya tarar da Kabawa ba su idar da sallar asubar ba. Babu wanda ya taɓa ganin akawalin nan, kuma isnadin labarin gaba ɗaya a kan mai shi ya tsaya. Wata rana da la'asar mahaifina ya jawo masa bikilinmu da sirdi a ɗaure, ya ce, “Kawu, ko za ka ɗan motsa muna shi zuwa Dukku?” Dattijo ya dubi doki, ya dubi sama, ya ce, “Ai wanga ba doki ba ne, ɗana. Wanda yas saba da akawali ba shi ɓata ƙafatai bisa wanga.” Gaskiyar Hausawa da suka ce dokin mai baki ya fi gudu.

Ɗabaƙa ta biyu ita ce ta masu hawan aro, waɗanda ba a ganinsu sai watan azumi ya kai 27, ko kuwa an shiga goman farko na Zulhajji. A sa'an nan ne za ka ga mutumin da rabonka da shi tun Sallar bara ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yabi tarbiyyar 'ya'yanka, ya tuna maka cewa kakarsa da kakarka sun sha nono ɗaya, alhali kuwa idonsa na kan turke tun shigowarsa. Idan ka ba shi doki, sai ya nemi sirdi. Ka ba shi sirdi, ya nemi jalala. Kafin ku rabu ya tambaya ko rawanin nan naka na harsa yana kusa. Ranar hawa kuwa, in ka gan shi ya kame bisa dokinka, yana ɗaga wa mata hannu, algaita na tashi, wallahi sai ka yi shakkar ko kai ne ka ara. Ya wuce ka a tsaye cikin ƙura bai ko dube ka ba. Bayan magariba sai ya aiko yaro da doki, baki duk jini saboda fizgar linzami, majayi a tsinke, likkafa ɗaya ta ɓata, da saƙon cewa a gaya wa maigida dokin nan yana da tutsu, ya kamata a nema masa magani. Na daɗe ina binciken babin aro a wurin malamai, ko akwai inda aka wajabta wa mai abu ya gode wa wanda ya ara, ban samu ba, amma al'adar masu hawan Sallah ta tabbatar da shi kamar ijma'i.

Ɗabaƙa ta uku ita ce ta dillalai, kuma a nan tilas in sassauta linzami in yi tafiyar taƙama, domin a hannunsu na yi karatun da ya fi kowane tsada a rayuwata. A 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fari kuma ya tsananta har mutanen Arewa da na ƙasar Nijar suka riƙa gangarowa da dabbobinsu suna sayarwa da arha don babu abin ba su, na tara 'yan kuɗina na ƙuduri aniyar in mallaki dokin kaina. Mahaifina ya ce in jira shi ya dawo daga ƙauye mu tafi tare, ni kuwa zafin ƙuruciya ya hana. Dillalin da na faɗa hannunsa mutum ne mai tasbaha mai dubu, ba ya buɗe baki sai da sunan Allah, ya kira ni “ɗan Malam” har sau uku kafin mu gaisa sosai. Ya kai ni gaban wani danda mai ƙyalli, ciki ya taso, wuya a tanƙware, yana ta haƙa ƙasa da kofato, ya ce, “Wanga ingarma, ɗan Malam, shekarunai 5, in ya ɗara da kwana guda kada Allah shi ba ni abin da nika nema.” Da na nemi in buɗe bakinsa in ga haƙora, sai ya riƙe mini hannu cikin ladabi, ya ce ai duban bakin doki gaban ubangijinsa cin fuska ne, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Muka yi ciniki da fam, don har lokacin bakin mutane bai saba da sabon kuɗi ba, fam ɗaya kuwa naira 2 ne. Da aka zo la'ada sai lissafi ya rikiɗe ta hanyar da har gobe ban gane ba, illa dai na san na fita kasuwa da doki, babu ko kuɗin dusa a aljihuna.

Kwana uku ƙyallin nan ya wanke, ashe man gyaɗa ne. Cikin ya saɓe, ashe ruwan kanwa ne aka ɗura masa. Haƙar ƙasar kuwa ashe yunwa ce. Da mahaifina ya dawo ya ɗaga leɓen danda, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya sauke a hankali kamar mai rufe littafi, ya ce, “Ka gaishe shi da kyau, ɗana, don ya girme ka.” Na koma wurin dillali a fusace, na tarar da shi yana lazimi, ya sa na jira har ya shafa, sa'an nan ya ce shi bai yi ƙarya ba, shekarun dokin 5 a hannun wanda ya sayar, abin da ya yi a hannun na farko kuwa ilmin gaibu ne. Duk da haka danda ya shekara 4 a turkena, kuma shi ya koya mini haƙuri, domin dokin da ba ya gudu yana ba mahayinsa lokacin yin tunani.

Ɗabaƙa ta huɗu ita ce ta masu ciyar da sirdi su bar doki. Za ka ga mutum ya aika Kano an yi masa kayan doki na alfarma, ya sayi jalala mai zaren azurfa, da linzami mai tuntaye, da likkafar tagulla wadda ake gogewa da toka da lemun tsami duk Jumma'a, amma damin harawa ɗaya sai ya yi masa mako, dawa kuwa dokin ba ya ganinta sai a mafarki. Ranar hawa a lulluɓe ƙasusuwan da ado tun daga kunne har wutsiya, ta yadda mai kallo ba zai ga kome ba sai ido da kofato, a fita ana rangaji, jama'a na cewa taƙama ce, alhali jiri ne. Na taɓa yi wa ɗayansu nasiha, sai ya kawo mini hujja cewa ƙoshi yana sa doki girman kai, shi kuwa yana horon nasa ne da zuhudu. Na ce masa zuhudun da ba a yi niyyarsa ba ba shi da lada, ya bar gaishe ni wata biyu.

Kishiyar wannan ita ce ɗabaƙa ta biyar, ta waɗanda son doki ya kai su ga haddin da shari'a ba ta nema ba. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa babu zakka a kan dokin hawa, ni kuwa a nawa ɗan nazarin na gano hikimar haka, wato shi doki da kansa yake karɓar zakkarsa daga ubangijinsa, safe da maraice, ba ya jiran nisabi, ba ya jiran shekara ta kewayo. Na san wanda rumbunsa ya ƙare a tsakiyar bazara, ya auno tiya biyu ta dawa, ya tsaya a tsakar gida yana duban ɗakin girki yana duban barga, daga bisani ya nufi barga. Na san wanda yakan tashi cikin dare sau uku ya duba dokinsa, amma aka yi masa haihuwa bai sani ba sai da maƙwabta suka zo barka. Ba zan ɓoye ba, na ɗan zauna cikin wannan ɗabaƙa a zamanin wani kili da na mallaka bayan danda, har uwargidana ta sa masa suna Amarya. In na shigo sai ta ce, “Malam, ka gaisa da Amarya tukuna, mu ai muna iya jira.” Ran da na sayo masa bargo saboda sanyin hunturu, ba ta ce kome ba, sai da dare na nemi nawa bargon na rasa, ta ce ta kai wa Amarya ne ta haɗa biyu, tun da na nuna ita ce mai jin sanyi a gidan.

Akwai kuma ɗabaƙa ta shida, ta masu duba, waɗanda ke karanta makomar gida gaba ɗaya a jikin doki. Su ne za su gaya maka cewa farin ƙafa kaza arziki ne, na ƙafa kaza tsiya ne, wannan murɗin gashi na goshi yana kawo sarauta, na wuya kuwa yana kashe maigida. Abin da na lura da shi shi ne, alamar tsiya ba ta bayyana sai a dokin da mai duban yake so a sayar masa da arha, kuma da zarar ya shiga turkensa sai tsiyar ta warke. Mahaifina yakan ce alama ɗaya ya sani wadda ba ta ƙarya: dokin da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, ubangijinsa ba mutumin kirki ba ne.

Ɗabaƙa ta bakwai ita ce ta waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba. Duk wanda ya hau doki ya faɗi, wannan ƙa'ida ce da ba ta da togiya, amma ban taɓa jin wanda ya ce “na faɗi” ba. Wani ya ce sauka ya yi da gaggawa, wani ya ce majayi ne ya ci amanarsa, wani ya ce sammu ne, wani kuwa, da aka tashe shi daga cikin kwata, cewa ya yi dama yana da niyyar duba kofaton baya. A nan ma adalci ya wajabta in ba da shaida a kan kaina.

Mai karatu ya san tsakanin mutanen Gwandu da Kabawan Argungu akwai tsohon zance, domin tun bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, aka kuma gwabza a Alwasa cikin wannan shekara, dawakin ɓangarorin nan biyu sun sha haɗuwa a fagen fama har ƙarshen ƙarnin. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda aka yi masa su don girmamawa, ita ce ta zama tushen bikin kamun kifin da duniya ta sani yau, tun daga nan kuwa yaƙin ya koma na baki. Saboda haka duk mutumin Birnin Kebbi da zai je Argungu da doki ya san ba kansa kaɗai yake wakilta ba. Wata shekara na tafi bikin bisa kilina, ta Ambursa, na kwana a hanya don kada ya gaji, na sha rawani da kufta, na sami wuri a gefen gulbin Matan Fada na kame, ina kallon dubban masunta jere da homa da gora suna jiran izini. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne bindigar da ake bugawa a buɗe su. Tana tashi, jama'a suka kwasa a guje zuwa ruwa, kili kuwa, da yake ɗan sukuwa ne, ya ɗauka da shi ake, ya shiga cikinsu, ya tsere wa na gaba, ya isa gaɓa, ya yi zamiya irin wadda ban taɓa samu ya yi mini a gaban Sarki ba. Shi ya tsaya. Ni ban tsaya ba.

Da na ɗago daga cikin laka, rawani ya warware yana bin ruwa kamar taru, sai na ji wani tsohon Bakabe yana kiran 'yan'uwansa, “Ku taho ku gani, an kama giwan ruwa da kufta! A kai shi ma'auni!” Wani ya ce a'a, wannan kifin Gwandu ne, ƙaya ta yi masa yawa. Suka fid da ni, suka wanke ni, suka ba ni fura, suka kamo mini doki, babu abin da suka rage na mutunci in ban da dariyar da suka ƙi bari. Na komo gida na shekara 20 ina cewa zafi ne ya dame ni na shiga in yi wanka. Yau dai na faɗa: faɗuwa na yi.

Zamani ya kawo wata sabuwar ɗabaƙa, ta samarin kilisa da hawan angwanci, masu sukuwa bisa kwalta, hannu ɗaya da linzami, ɗaya da waya suna ɗaukar hoton kansu, ana ga doki suna ga ƙura. Ba zan tsawaita a kansu ba, domin kwalta tana yi musu wa'azin da ya fi nawa ratsa jiki.

Saura ɗabaƙa ta ƙarshe, wadda ba a yi mata kirari, ba a busa mata algaita, ita ce ta 'yan barga. A littattafan fiƙihu an ce ranar rabon ganima doki yana da kashi biyu, mahayinsa ɗaya, na kuwa sha tambayar kaina ina rabon wanda ya yanko ciyawar da dokin ya ci har ya iya sukuwa. A gidanmu akwai wani tsoho da muke kira Baba, wanda ya yi wa mahaifina hidima ya kuma yi mini. Kullum kafin kiran assalatu ya ɗauki lauje ya gangara fadama, ya komo da dami a ka, raɓa ta jiƙe shi har ƙugu. Shi ke kwashe kashi, shi ke jiƙa dusa da kanwa, shi ke cire kaska ɗaya ɗaya yana yi wa doki hira kamar abokinsa. Ranar Sallah shi ne zai ɗaura sirdi, ya ja majayi, ya riƙe mini likkafa in hau, sa'an nan ya bi ni a ƙasa da bargo a kafaɗa, cikin ƙurar da nake tayarwa. Ban taɓa ganinsa bisa sirdi ba, in ban da hawan ƙawara zuwa gulbi don wanka. Amma in na shigo gida kili yakan ɗaga kunne ɗaya ne kawai, in kuwa tarin Baba ya ji daga bayan katanga, sai ya cika unguwa da haniniya.

Daren da ciwon ciki ya kama kili, cikin damina, ni na rasa abin yi sai zagaye da salati, Baba kuwa ya kama ragama ya yi ta jan sa yana kewaya fili don kada ya kwanta ya yi birgima, tun bayan lisha har alfijir ya keto, ruwa na dukansu su biyu. Da gari ya waye kili ya durƙusa, ya aza kansa a kan ƙafafun tsohon, ya cika. Mutane suka yi ta zuwa yi mini jaje, har da masu hawan aro, waɗanda na ga alamar baƙin cikinsu na gaskiya ne tun da Sallah ta kusa. Babu wanda ya yi wa Baba jaje. Ni ma sai bayan kwana uku na lura ba ya cin abinci, na same shi zaune a gindin turke da lauje a hannu, ya ce mini, “Alhaji, na tashi in tai fadama, sai nit tuna babu mai ci.” A ranar na gane cewa shekara 11 ina hawan dokin wani, ni ma ashe cikin ɗabaƙa ta biyu nake.

Bara jikana ya cika shekara 7, ya matsa mini sai na aza shi bisa goɗiyar da ta rage a gidan, yana so a yi masa rawani a ɗauke shi hoto. Na sunkuce shi da sauran ƙarfin da Allah ya bar mini na aza, na ce ya kama geza ya bar kuka, kamar yadda aka ce mini. Da ya sauko yana murna, yana tambaya yaushe za a saya masa sirdi, sai na shiga ɗaki na ɗauko laujen Baba, Allah ya jiƙansa, na miƙa masa, na ce gobe in an yi assalatu ya tashe ni, akwai inda za mu fara zuwa.